Ki Ta Ce, ko Ku?

Lahadi, 2 ga Nuwamba 2014, ƙarfe goma na safe. Unguwar Dokki, Alƙahira.

Mu tara muka tafi, mu takwas muka dawo. Tun jiya nake maimaita ƙirgar kamar in na matsa mata za ta canza.

Littafin nan na saye shi ne don in riƙa rubuta garuruwan da aiki ya kai ni, ranar da na koma Malumfashi in yi wa mutane burga. Shekara biyu ina aikin jirgin sama, daga Alƙahira zuwa Kano, Kano zuwa Jidda, ina roƙon alhazai su zauna har jirgi ya tsaya. Saboda Hausa kamfanin ya ɗauke mu, ni da Awadiyya, abokiyar ɗakina. Ita Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Gadarif. Kakanninta sun taso daga Haɗejiya da ƙafa za su Makka, suka yada zango a can, zangon da har yau ba a tashi ba. Takan ce, “Mu jikokin masu tsayawa a hanya ne, Sabuwa.” A da dariya nake yi.

Da aka gama kwaso alhazai, Madam Rawan mai tsara mana jadawalin tashi ta ce a ba 'yan Hausa Turai su ma su sha iska. Aka sa mu jirgin Birag, haka Misirawa ke kiran birnin. Kwana biyu a otal, ranar Juma'a tamu ce mu yi yadda muka so. Muka fita ganin gari mu biyu, na dawo otal ni kaɗai.

Fasfonta, yunifom ɗinta, burushin haƙorinta, har mayafin ulu da ta saya wa mahaifiyarta, duk suna ɗakin otal. 'Yan sandan can sun ce suna nema. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa, na sani, ni ce mai faɗa wa fasinja haka.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma.

Silifas ɗinta suna bakin banɗaki, ɗaya ya hau kan ɗaya. Sau uku ina tsallake su.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana.

Na dawo daga ofis. Madam Rawan da wani mutumin tsaro mai gashin baki, wanda bai faɗi sunansa ba, ni ma ban nema ba. Aka kawo mini shayi, ya huce a gabana.

Tambaya ɗaya ce suka yi ta sauya mata riga. Ta yi miki maganar wani a Turai? A'a. Ta nuna alamar damuwa? A'a. A ina kuka rabu? A dandali, gindin agogo, cikin cunkoso, ƙarfe huɗu daidai. Me ta ce miki daga ƙarshe?

Na ce ba ta ce komai ba.

Ya ce in rubuta, na rubuta da Larabcina na jami'ar Giza, har da wasali, na sa hannu. Ya nemi hotuna, na tura masa goma sha ɗaya na kan gada. Bai ce bidiyo ba. Hotuna ya ce.

Da ya fita Madam Rawan ta rufe ƙofa ta dafa kafaɗata. “Isma'i, saurara ya Sabuwa, ina sonki, shi ya sa zan faɗa miki. Wadda ta ɓata, Allah ya bayyana ta. Amma wadda ta san abokiyarta za ta gudu ta yi shiru, khalas, shi ke nan, ba aiki, ba iƙama. Kin gane, habibti?”

Na ce na gane. An sauke ni daga jadawali har a gama bincike. Iƙamata ta zama a ƙasar nan a jikin aikin take rataye, kowa ya san wannan.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan sallar asuba.

Bari in rubuta ranar yadda take, tunda don irin wannan na sayi littafin.

Mun fito ƙarfe goma sha ɗaya. Sanyin garin ba ya sallama, sai dai ka ji shi cikin haƙora. Awadiyya ta sa rigar sanyi biyu, na yi mata tsiya na ce ta koma kamar buhun auduga. A jirgin ƙasan titi ta ce hannunta ya ƙage, in ara mata safar hannuna, jajayen nan da na saya a kasuwar Ataba. Na ba ta ina mita, na cusa nawa hannun a aljihu.

Gari ne mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Tituna duk dutse ne aka jera ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran masara, gidaje masu jan rufi, hasumiya ta ko'ina. Ni da na zata Alƙahira ce ƙarshen tsufa, sai na ga su nasu tsufan wanke shi suke yi kullum. Muka sayi wani burodi mai rami da ake naɗawa a jikin sanda a gasa a kan garwashi, a birkiɗa shi cikin sukari. Ta cinye nata ta cinye rabin nawa. Wannan ma na riƙe shi: ta ci abinci sosai.

Daga nan muka hau tsohuwar gadar, mai mutum-mutumi baƙaƙe dama da hagu. Awadiyya ta bi su tana raɗa musu suna. Wannan Malam Mai Tsawa ne, wancan Baba Na Gaji. Na yi dariya har wata Baturiya ta juyo. A tsakiya akwai wani allon tagulla da hannuwan mutane suka goge har yana ƙyalli. Wani mai yi wa baƙi jagora yana bayani, wai duk wanda ya shafa zai sake dawowa garin. Na ce a'uzubillahi, shirka a fili. Ita ta tsaya tana kallon masu layi, ta ce, “Ni ko ba na buƙata.” Na ɗauka tauhidi ne ya motsa mata, har na ce ma sha Allah.

Ta daɗe tana kallon ruwan. Ko kuwa ni ce yanzu nake tsawaita shi? Kowa a gadar ruwan yake kallo, me kuma za a kalla.

Saura kwata ƙarfe huɗu muka isa dandalin agogon. Agogo ne a jikin hasumiya, mai zobe cikin zobe, rana da wata da taurari, ban iya karanta lokaci a jikinsa ba ko kaɗan. Jama'a sun cika maƙil, kowa ya ɗaga waya sama. An ce in awa ta cika, wani ɗan ƙwarangwal yakan ja igiyar ƙararrawa, tagogi biyu su buɗe, gumaka su wuce suna leƙe, zakara ya yi cara. Na ce wannan sai na kai wa mutanen gidanmu, gani ya kori ji. Na kunna bidiyo na ɗaga hannu.

Ƙwarangwal ya fara kaɗa ƙararrawarsa. Aka turo mu daga baya, Awadiyya ta taka mini ƙafa. Ta kawo bakinta kusa da kunnena ta yi magana. Na amsa mata ban juyo ba. Tagogi suka rufe, zakara ya yi cara, mutane suka yi tafi. Na sauke hannu na ce, “Shi ke nan? Don wannan muka sha sanyi?” Sai na ga wani ɗan Koriya nake yi wa magana.

Na tsaya a wurin har agogon ya sake bugawa sau biyu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana.

Yafe ni. Wannan na ji shi sarai. Abin da ya zo kafinsa ne ƙararrawa ta cinye.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma.

Na je unguwar Ainu Shams gaida Inna Amna, mahaifiyar Awadiyya. Kwana bakwai ina ja da baya, yau kunya ta kora ni. Tashar jirgin ƙasa ta Sadat har yanzu a rufe take, sai a ta Shuhada na sauya jirgi, na shiga taragon mata aka matse ni kamar kifin gwangwani. Na ji daɗin matsin, ya hana ni tunani.

Hawa na huɗu suke, ɗaki biyu. Inna kisra take yi tana sayarwa, waina ce ta dawa mai faɗi, siririya kamar takarda, kuma duk 'yan Sudan na unguwar wurinta suke saye. Yau kaskon a kife yake. Mata sun zauna jikin bango sun lulluɓa, ba mai kuka, ba mai hira, an rasa irin gaisuwar da za a yi. Ba a ce ya haƙuri, ba a ce ina gajiya. Wata ta fara “Allah ya ji...” ta haɗiye sauran.

Inna ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta rame, zoben azurfarta yana yawo a yatsa.

“Ya bitti, 'yata, ke ce idona a can. Ta ci abinci?”

“Ta ci, Inna. Har nawa ta ci.”

“Ta sa rigar sanyi? Ita sanyi yana kama mata ƙirji.”

“Biyu ta sa.”

“To alhamdulillahi.” Ta matse hannuna. “Ba ta bar miki wata magana ba? Ko ɗaya?”

Hussain, yayan Awadiyya, yana tsaye a ƙofa da fayil a hammata. Shi ke zirga-zirga tsakanin kamfani da ofishin jakadanci, mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Duk abin da ya ji da safe, kafin azahar yana teburin Madam Rawan, don a ganinsa kowace kalma tana iya taimaka wa masu nema. Na dube shi, na dubi Inna.

Na ce, “Cunkoso ne ya raba mu, Inna.”

Ba ƙarya ba ce. Na duba ta ta kowane gefe a hanyar dawowa, ba ƙarya ba ce. To me ya sa na wuce tasharmu sai da na ga Giza?

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe.

Na tsaya gaban madubi ina gwadawa. Ki yafe ni. Ku yafe ni. Baki yakan baje a ɗaya, ya tsuke a ɗayar. Da na juyo na kalle ta da na gani a leɓenta ko ban ji ba.

In ki ta ce, ƙafata ce da ta taka, shi ke nan, ba ta san abin da zai same ta ba. Wani abu ne ya ɗauke ta a garin da ba ta san kowa ba, ni kuma ban ɓoye wa kowa komai ba.

In ku ta ce, ba da ni kaɗai take ba. Awadiyya ba ta taɓa ce mini ku ba, sa'ata ce, kan katifata take yanke farce. Ku ɗin nan na mai sallama ne, irin wanda alhazai ke yi a filin jirgin Kano, su juyo su dubi 'yan rakiya su ce ku yafe mu. Sau nawa na ji shi a bakin matakala? Ke nan saƙo ta ba ni in kai gida, ni kuma na zauna a kansa kwana goma.

Wannan fa in Balarabe ya tambaye ni, yaya zan yi masa bayani? Zai ce samihini ko samihuni, ai a fili yake. E, a bakinku mai tsawo ne. Mu namu ɗan wasali ne guda, ƙararrawa ɗaya ta isa ta haɗiye shi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana.

Bidiyon minti ɗaya ne da daƙiƙa goma sha biyu. Na san tsawonsa don a rubuce yake a gefen hoton. Ban buɗe ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Hussain ya kira. An tsinci jakar hannunta a matakalar da ke gangarawa bakin kogi, ƙasa da gadar. Katin aiki, man leɓe, tazbaha, makullin gidan nan. Babu waya. Ya ce, “Ya ukhti, 'yan sanda sun ce za su sa masu nutso.” Na ce Allah ya sa a ji alheri. Wane irin alheri ake ji daga masu nutso?

Sai yanzu na ga ku ɗin ma ƙofa biyu gare shi. Mai tafiya nesa yana cewa ku yafe ni. Akwai kuma wani mai cewa haka. Ba zan rubuta shi ba.

Jaka tana iya faɗuwa. Ana iya fizge ta. Ana iya ajiye ta don a gani. Kaina ya yi zafi, na dafa ful, waken Misirawa, na bar shi ya ƙone.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Abubuwan da na ga dama na ƙi gani: wayar da take fita baranda ta amsa tun bayan ƙaramar salla, tana magana ƙasa-ƙasa da Larabcin Sudan. Mutum biyun da mai gadi ya ce sun zo nemanta a watan jiya, ba su bar suna ba, ita kuma da na faɗa mata ta ce masu tallan inshora ne, ta shiga banɗaki ta daɗe. Ranar da ta ba ni turaren wutanta gaba ɗaya wai ya ishe ta.

Ban tambaye ta ba. Ni a ganina kawaici nake yi, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu ban san ko kawaici ne ko kuwa ban damu ba ne kawai.

Haushinta nake ji, wallahi. Duk mutanen duniya ki rasa wadda za ki ɗora wa wannan kaya sai ni? Sai kuma in tuna wataƙila ƙafata kawai ta taka, ina nan ina zagin baiwar Allah tana can inda Allah kaɗai ya sani. Sai in yi istigfari. Sai haushin ya dawo.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana.

Labari biyu yau. Madam Rawan ta kira da murna: bincike ya wanke ni, ranar Lahadi ina jirgin Jidda, in zo in karɓi jadawali. “Mabruk ya habibti, na ce musu yarinyar nan ba ta san komai ba.” Na yi godiya har da rantsuwa.

Ko minti ashirin ba a yi ba Hussain ya kira. Masu nutso ba su sami komai ba, amma dattawan unguwa sun ce a yi sadaka ranar Juma'a, a sauke Alƙur'ani. Na ce sadakar me? Ya ce, “Sadaka dai.” Ya ce Inna ta daina tambayar ko an kira. Jiya ta sa an sauko da akwatin Awadiyya tana ware kayan da za a bayar. Ruwan shayi kawai take sha, shi ma sai an tsaya a kanta.

Ya ce, “Da ma ta san ko wane ne, Sabuwa. Rashin sanin ne zai kashe ta.”

Na ce haka ne, Yaya Hussain. Ina riƙe da wayar da nake magana da shi, abin yana cikinta.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe.

Na goge yunifom. Na rataye shi. Na sake saukewa na goge.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan azahar.

To, bari in faɗa, littafi ne ba mutum ba. Ba tsoron Madam Rawan kaɗai ya hana ni buɗe bidiyon ba. Muryata tana ciki. Na san abin da na amsa mata, wannan ƙararrawa ba ta cinye shi ba.

Ba “Allah ya yafe mana” na ce ba, kamar yadda kowane ɗan Musulmi zai ce. Cewa na yi, “Ke matsa, kina tare mini.”

Ta kuwa matsa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma.

Na tafi Ainu Shams da hantsi, ban shirya abin da zan ce ba. A tsakar gidan an jera manyan tukwanen haya na gobe, da buhun shinkafa. A sama na tarar da Inna zaune a kan tabarma, kayan Awadiyya kashi uku a gabanta, mayafin ulun da kamfani ya aiko yana kan cinyarta. Hussain yana nan.

Na durƙusa na ce, “Inna, na yi miki ƙarya. Ta yi magana. Ni ce ban ji da kyau ba, kuma na ji tsoro.”

Ta ɗago ta dube ni. Na ce akwai bidiyo, ban taɓa buɗewa ba, hayaniya ta yi yawa, wataƙila ba za a ji ba. Hussain ya matso, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta ce, “Kunna.”

Ga hasumiya tana rawa a hannuna, ga kawunan mutane, ga ƙwarangwal yana jan igiyarsa. Inna ba ta dubi hoton ba, ta karɓi wayar ta manna a kunne ta rufe ido. Daga inda nake ina jin ƙararrawa, sai wata 'yar murya a ƙasa, sai tawa a sama, tsantsan tsiwa, ke matsa kina tare mini. Na so ƙasa ta tsage. Bayan tawa akwai wani ɗan sauti da ban san da shi ba, kafin zakara.

“Mayar,” in ji Inna.

Na mayar. Na kasa kunne iyakar iyawata, wallahi har yanzu ban rarrabe ba. Hussain ma ya girgiza kai, ya ce, “Yumma, ba a jin komai, sai dai a kai wa masu na'ura.”

“Na'urar me? Ni na koya mata magana.” Ta buɗe ido. “Ku ta ce.”

Na fara kuka, ina cewa Inna ki yafe ni, na riƙe miki saƙo kwana ashirin. Ba ta kula ni ba tukuna. Ta ce in sake mayarwa. Da aka zo wurin, ta sa na tsayar, ta riƙe wayar da hannu biyu a gaban bakinta kamar mai amsa kira.

“Na yafe, Awadiyya. Duniya da lahira na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Hussain ya juya ya fuskanci bango. Can ya ce da ƙyar, “Yumma, jakar fa? Bakin ruwa aka same ta. Mai cewa ku yafe ni...” Shi ma bai ƙarasa ba.

Inna ta ce, “Ba ka ji ta yi dariya ba? Da wannan ta ce mata matsa, ta yi dariya.” Ashe shi ne sautin. Ta juyo gare ni. “Kin ce riga biyu ta sa. Hannunta fa?”

Na ce safata ta ara, jajaye.

“Suna cikin jakar?”

Hussain ya buɗe fayil ya bi takardar 'yan sanda da yatsa har ƙasa. Babu.

“To,” in ji Inna. “Wanda zai shiga ruwa ba ya aron safar hannu. Tafiya ta yi. Ban san ina ba, ban san me ya kore ta ba, ita ta sani da Ubangijinta.” Ta shafa mayafin. “Ni ba ta ce mini in yafe ta ba da za ta fita. Ta san da ta ce, da na gane tun kafin ta rufe baki, da na zauna a bakin ƙofa. Shi ya sa ta kai saƙon can ta ba ki, ya bitti. Ta san ke hankalinki yana wurin kallo.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, har tana share mini hawaye da gefen mayafinta. Ya fi mari zafi.

Ko safa hujja ce, ni ban sani ba. Na dai ga Inna ta sa an mayar da kayan cikin akwati, ta ce a ɗumama mata madara.

A matakala Hussain ya tsayar da ni. “Ya ukhti, dole in kai musu wannan. Masu nema ruwa suke dubawa, ya kamata su duba tudu. Kin san abin da zai jawo miki?” Na ce na sani. Na tura masa a tsaye a wurin, kafin in sami lokacin yin wayo.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar.

An yi sadaka. Da aka sauke, malamin ya leƙo ɓangaren mata ya tambaya a hankali wace addu'a za a yi. Inna ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ta matafiyi.” Matan suka dubi juna, suka shafa. Kaskon kisra yana kan wuta da na fito.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, ƙarfe tara da rabi na safe.

Jirgin Jidda ya tashi ƙarfe tara. Madam Rawan ba ta ce habibti ba jiya, ta ce in kawo katin aiki da yunifom ranar Talata, iƙama kuma wata ɗaya ya rage mini. Ban san abin da zan faɗa wa Baba ba. Ban san ko tana raye ba. Ban ma san ko Inna ta ji ku ɗin nan da kunne ne ko da wani abu dabam.

Na gyara silifas ɗinta na jera su a gindin gadonta. Sannan na zauna na kunna bidiyon ni kaɗai, karo na farko. Na bar ƙwarangwal ya yi kaɗe-kaɗensa, na bar ta ta yi maganarta, na tsayar kafin tawa muryar ta shigo.

Na ce, “Na yafe. Ke ma ki yafe ni.”

Babu ƙararrawa a Dokki. Ki na ce.